Robar Da Ke Farautar Ƙarfe A Cikin Ruwa

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, da waɗanda dama karatu ya fi musu daɗi.

Yau kimiyyar sinadarai za mu shiga, kuma don Allah kar kowa ya gudu, a hankali za mu bi. Ga tambayar da zan fara da ita. An miƙo maka kofin ruwa garai-garai, ba wari ba launi, amma an ce akwai dalma narke a ciki. Yaya za ka cire ta? Ƙyalle ba zai tace ba, rariya ba za ta tace ba. Tafasawa kuwa ƙara dagula lamarin take yi, don ruwan ne ke tafiya a tururi, dalmar tana nan zaune a ɗan abin da ya rage. Kuma ba wai sai ta yi yawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a maikrogiram 10 cikin lita guda, yuraniyom kuma maikrogiram 30. Maikrogiram fa shi ne ka raba giram ɗaya gida miliyan ka ɗauki ɗaya.

Ɗaya daga cikin amsoshin da masana suka samo ita ce wata irin roba da aka dasa wa fosforas, aka mulmula ta ƙanana-ƙanana kamar acca. Ruwa ya ratsa ta cikinta, ta damƙe ƙarfen, ruwa ya wuce. Yadda ake haɗa ta, da dalilin da ya sa fosforas ne ya dace da aikin, da wuraren da ba ta da amfani ko kaɗan, su ne hirarmu.

Mu fara da shi ƙarfen. Idan ƙarfe ya narke a ruwa, ba gari yake zama ba. Kowace ƙwayar zarra tasa tana zubar da ilektron ɗaya ko biyu ko uku, sai ta koma mai cajin fozitif, tana yawo ita kaɗai, ƙwayoyin ruwa sun kewaye ta. Sodiyam na gishiri cajinsa 1, kalsiyam da dalma 2, baƙin ƙarfe kan kai 3. A littafin makaranta wannan ƙwayar ita ce ake kira ayon, to amma mu a Hausa da an ce ayon hankali sai ya tafi kan wanda likita ke cewa yana ƙara jini. Don kar mu rikice, zan riƙa cewa ƙwaya mai caji, shi kuma na ƙarin jinin in ce baƙin ƙarfe.

Wannan ƙwaya mai caji abu ɗaya take nema: wanda ke da rarar ilektron ya ara mata. Oksijin gwani ne a nan. Shi kuma fosforas halinsa shi ne tara oksijin a jikinsa. Fosforas ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinku, shi ne harafin P a buhun takin NPK, shi ne a jan gefen kwalin ashana, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na wanda ke jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙori ne, manne da kalsiyam. Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ne ya fara ware shi a birnin Hambag a 1669. Zinare yake nema, a cikin fitsari kuwa, ya yi ta dafawa har ya samu wani farin abu mai haske cikin duhu.

Idan fosforas ɗaya ya riƙe oksijin huɗu, sunansa fosfet. Idan ya riƙe uku, hannunsa na huɗu kuma yana jikin kabon kai tsaye, sunansa fosfonet. Ku riƙe wannan bambancin, zai dawo. A dukkan biyun, oksijin ɗin suna kusa da juna, saboda haka ƙarfe ba ya samun hannu ɗaya, hannaye biyu ko fiye ne ke kama shi lokaci guda. Masana biyu a Ingila, Morgan da Drew, su suka raɗa wa irin wannan kamu suna a 1920, daga kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa. Wanda ya taɓa ganin ƙaguwa ko kunama ta datse abu ya gane nufinsu. Wanda aka riƙe da hannu ɗaya yana iya fizgewa. Wanda aka riƙe da biyu, kafin ya kuɓuce daga na biyu, na farko ya sake kama shi.

Wannan abu yana faruwa a kicin ɗinmu kullum. A cikin gero da dawa da masara da wake akwai wani sinadari, fayitik asid, zobe ne na kabon 6, kowanne da fosfet ɗinsa. Tsiro a nan yake ajiye fosforas don ranar da zai fito. Amma idan ya shiga cikinmu sai ya damƙe baƙin ƙarfe da zink ɗin da ke cikin abincin, hanji ya kasa tsotsa. Shi ya sa mutum zai iya ƙoshi da tuwo kullum amma jininsa na ƙasa. Jiƙa hatsi, da barin ƙullu ya yi tsami kamar yadda ake yi wa kamu, da barin hatsi ya yi tsiro, duk suna tayar da wani sinadari da ke yanke waɗannan hannaye, ƙarfen ya samu sakewa. Iyayenmu ba su san sunan ba, amma aikin suna yi. A gwaiduwar ƙwai ma akwai furotin mai tarin fosfet da ke riƙe da baƙin ƙarfe, a nono akwai wanda ke ɗauke da kalsiyam. Kai, shi kansa DNA sarƙa ce ta suga da fosfet, kuma magnesiyam na manne a jikinta.

Na ambaci sarƙa, to wannan ita ce polima. Ku ɗauki jigida: ƙwaya iri ɗaya, an jera ɗaruruwa ko dubbai a zare guda. Leda polima ce, auduga polima ce, robar bokiti polima ce.

Polimar fosforas ta farko da ɗan Adam ya haɗa ya ci kasuwa da ita ba ta da kabon ko ɗaya. A 1833 Thomas Graham, ɗan Sikotlan, ya narkar da wani gishirin fosfet a wuta ya sanyaya shi da sauri, ya samu abu kamar gilashi mai narkewa a ruwa: fosfet riƙe da fosfet riƙe da fosfet. Sai bayan kusan shekara 100 aka gane amfaninsa. Kun san ruwan rijiyar nan da sabulu ke ƙin kumfa a ciki, wanda ke barin farin ɓawo a gindin tukunya? Kalsiyam da magnesiyam ne. Da an zuba wannan gishiri sai ya rungume su, sabulu ya samu fili. Aka sayar da shi da suna Calgon, gutsuren Turancin da ke nufin kalsiyam ya tafi. Ƙanensa mai fosfet 3 a jere shi ne ya cika omo na tsawon shekaru, har sai da aka ga yana kwarara cikin tafkuna yana zama taki ga gansakuka, ita kuma in ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a omon wanki daga 2013.

Amma ku lura da wani abu. Kalsiyam ɗin nan bai tafi ko'ina ba. Yana nan cikin ruwan, an dai rufe masa fuska. Ga wanki wannan ya wadatar. Ga dalma kuwa bai yi komai ba, don za ka shanye ta tare da mai riƙe da ita. Abin da ake buƙata shi ne a ɗaure hannun ƙaguwar a jikin abin da ba ya narkewa, abin da za ka iya ɗagawa ka fitar daga ruwa. Nan ne haɗa robar ya shigo.

Hanyar da masana'antu suka fi bi ita ce a fara gina gidan, sannan a dasa hannayen. Gidan polistayirin ne, dangin farin soson nan da ake tokare talabijin ko firji da shi a kwali. Ruwan stayirin ba ya haɗuwa da ruwa, kamar man gyaɗa yake. Sai a zuba shi a tankin ruwa a yi ta burgawa, ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo, a sa ɗan sinadarin da zai hana ɗigon sake haɗewa, a sa mai kunna haɗin, a ɗumama zuwa wajen digiri 80. Kowane ɗigo sai ya daskare ya zama ƙwallo, girmansa daga milimita 0.3 zuwa 1.2. Ana haɗawa da dibinilbenzin, wanda ke da hannu biyu, yana ɗinke wannan sarƙa da waccan har su zama raga irin ta masunta. Raga ba ta narkewa, sai dai ta kumbura. Idan ɗinkin ya yi yawa ƙwallon ya yi tauri, ƙarfe ya kasa shiga ciki. Idan ya yi kaɗan ya yi laushi ya farfashe. Wani lokaci kuma ana zuba wani ruwa da ba ya shiga haɗin, daga baya a wanke shi, ya bar ramuka kamar cikin waina, don ruwa ya samu hanyar ratsawa. Tun 1935 Adams da Holmes a Ingila suka nuna roba na iya musayar ƙwayoyi masu caji, shi kuma ginin kan polistayirin ya zo a shekarun 1940.

To gida ya samu, saura hannaye. Sai a fara maƙala wa zoben stayirin ɗan ƙugiya mai kulorin, don kulorin yana da sauƙin tashi ya ba wani wuri. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko, a dafa ƙwallayen da wani sinadari mai suna tirayetil fosfayit. Fosforas ya ture kulorin ya zauna a jikin kabon. Wannan haɗi da sunan mutum biyu ake kiransa, Michaelis Bajamushe da ya fara ganinsa a 1898, da Arbuzov na birnin Kazan a Rasha da ya zurfafa shi a farkon ƙarni na 20. A wannan matakin hannayen suna sanye da safa, wato oksijin ɗin a rufe suke, sai an sake dafawa da asid safar ta cire. Ta biyu, a fara musanya kulorin da naitirojin, sannan a kawo fomalin, eh, wanda ake adana gawa da shi, da wani asid na fosforas, a dafa su tare cikin asid. Moedritzer da Irani ne suka bayyana wannan a 1966. Abin da ke fitowa shi ake kira aminofosfonik: naitirojin ɗaya da oksijin ɗin fosforas suna kama ƙarfe tare. Wannan ne za ka samu a kasuwa da sunaye irin su Purolite S950, Lewatit TP 260 da Duolite C467.

Na ce ku riƙe bambancin fosfet da fosfonet. Ga dalilin. A fosfet, oksijin ne tsakanin fosforas da kabon, kuma asid mai zafi ko ƙwayoyin cuta suna iya yanke wannan gadar, hannun ya faɗi. A fosfonet fosforas na jikin kabon kai tsaye, yankewarsa da wuya. Robar da za a yi ta wankewa da asid sau ɗaruruwa, dole hannunta ya zama irin na biyun.

Ba aikin bayan gida ba ne wannan, in faɗa muku. Sinadarin da ake maƙala ƙugiyar kulorin da shi yana zuwa da wani gurɓataccen ɗan'uwa mai haddasa kansar huhu, kuma a jikin ma'aikatan wata masana'antar irin wannan roba a Filadelfiya ta Amurka aka tabbatar da haka a farkon shekarun 1970, bayan mutane sun mutu. Shi kuma tirayetil fosfayit yana cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar hana makamai masu guba take sa wa ido a cinikinsu.

Akwai wasu hanyoyin, zan bi su da sauri. Ana iya fara dasa fosforas a jikin ƙwayar jigidar kafin a jera ta, kamar binilfosfonik asid. Ribar ita ce kowace ƙwaya tana da hannunta, ba wadda aka tsallake, wahalar kuma ita ce ba ya son jeruwa ya yi tsawo. Ana kuma iya sa fosforas ya zama shi ne zaren kansa: fosforas, naitirojin, fosforas, naitirojin. Stokes ya samu wannan tun 1897, amma danshin iska kawai yana lalata shi. Sai a 1965 Harry Allcock ya gano cewa idan aka dafa a digiri 250 aka tsaya kafin ya cuɗe, ana iya cire kulorin ɗin jikinsa a sa duk irin hannun da ake so. Kyakkyawar kimiyya ce, amma tsadarta ta sa ba ita ake zubawa a tankin tace ruwa ba.

Hanya ta ƙarshe ita ce ta talaka, kuma ita ɗalibanmu suka fi bi a furojet. A ɗauki polimar da ta riga ta tsiro, auduga ko garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a jiƙa da fosforik asid da yuriya, a gasa a wajen digiri 150. Fosfet sai ya manne a jikin zaren. Asali ma don a hana tufafin auduga kamawa da wuta aka fara wannan. Yana kama ƙarfe, ba ƙarya, sai dai fosfet ne, mai gadar nan da ke yankewa.

Yanzu mu zo wurin da ni a ganina shi ne zuciyar maganar. Kamawa ba ita ce wahala ba, abubuwa da yawa suna kama ƙarfe, har gawayi da laka. Wahalar ita ce zaɓe, sai kuma saki.

A 1963 Ralph Pearson ya kawo wata ƙa'ida mai sauƙi. Ya ce ƙwayoyin ƙarfe iri biyu ne. Akwai masu tauri, ƙanana masu caji da yawa, irin su baƙin ƙarfe mai caji 3, alminiyom, yuraniyom, toriyom da kalsiyam. Akwai masu laushi, manya da ilektron ɗinsu ke lanƙwasuwa, irin su zinare, azurfa da makyuri. Masu tauri oksijin suke so, masu laushi salfa. Dalma da tagulla da zink suna tsakiya, ko'ina suna zuwa. To oksijin ɗin fosforas mai tauri ne, don haka tun kafin ka shiga ɗakin gwaji ka san wa robarka za ta fi so.

Sai kuma tsamin ruwan. Haidirojin ɗin asid shi ma mai cajin fozitif ne, kuma kujerar da ƙarfe ke nema ita yake nema. Robar da hannunta irin asid ɗin binega ne, da ruwa ya ɗan yi tsami sai haidirojin ya cika kujerun, ta saki komai. Robar da hannunta salfonik ne, wadda ke cikin yawancin injinan tausasa ruwa, tsami ba ya damunta, amma ba ta da zaɓi sosai, wanda ya fi yawa shi take ɗauka. Fosfonik yana tsakani. Yana jure tsami fiye da na farko, yana da zaɓi fiye da na biyu.

Ga misalin da ya fi burge ni. Sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, da kulorin ɗin da ake kashe ƙwayoyin cuta a ruwan famfo da shi, daga wuri ɗaya suke fitowa: a narka gishiri a ruwa, a ratsa masa lantarki. Injinan zamani suna da wata siririyar fata mai tsada a tsakiya, kuma kalsiyam da magnesiyam suna toshe ta. Dole a sauke su ƙasa da kimanin maikrogiram 20 a lita, a ruwan da ke ɗauke da giram 300 na gishiri a wannan litar. Ku yi lissafin. Ga kowane giram ɗaya na kalsiyam da aka yarda ya rage, akwai tan 15 na gishiri, buhu 300 kenan mai kilo 50. Robar salfonik a nan sodiyam zai cika ta nan take. Aminofosfonik kuwa sai ta ƙyale wannan ɗimbin sodiyam ya wuce, ta tsinci kalsiyam ɗai-ɗai. Idan ta cika a wanke ta da asid, a bi da soda, a mayar da ita bakin aiki. Wannan yana cikin manyan ayyukan da ake saya mata a duniya.

Masu tace tagulla ma suna amfani da ita wajen cire antimoni da bismut daga ruwan asid ɗin da suke aiki da shi. Sai bangaren nukiliya. A farkon shekarun 1990 masu bincike a ɗakin gwaji na Argonne da Jami'ar Tenesi, cikinsu akwai Philip Horwitz da Spiro Alexandratos, suka fitar da wata roba mai suna Diphonix. Fosfonik biyu suka ɗora a kan kabon ɗaya, ga ta tana kama yuraniyom da fulutoniyom ko a cikin asid mai ƙarfi. Amma kamun yana da jinkiri, don ƙwallon ba ya shan ruwa sosai. Sai suka ƙara salfonik a gefe. Shi ba ya zaɓe, aikinsa jawo ruwa da ƙwayoyi zuwa ciki, kamar ɗan kamasho a tasha, fosfonik kuma ya tantance wanda zai zauna.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Riƙon da ya yi ƙarfi da yawa shi ma matsala ne. Baƙin ƙarfe mai caji 3 idan ya shiga hannun fosfonik, wankin asid na yau da kullum ba ya fitar da shi. A hankali sai ya mamaye kujerun, robar da ka saya da tsada ta mutu a tsaye. Dabarar da ake yi ita ce a rage masa caji daga 3 zuwa 2, riƙon ya sassauta, ko a kawo wani mai kamun da ya fi ƙarfi ya ƙwace shi. Duk mai ƙera irin wannan roba ciniki yake yi tsakanin waɗannan biyun. Kuma ruwan burtsatse da yawa a wajenmu yana da baƙin ƙarfe, shi ne wanda ke yin ja-ja idan ya kwana a bokiti. Duk wanda zai kawo wannan roba nan, sai ya fara cire wannan tukuna.

Wani abin kuma, shi ƙarfen da aka kama yana iya zama sabon hannu. Idan aka cika robar aminofosfonik da alminiyom da gangan, sai alminiyom ɗin ya koma yana kama fuloraid, wanda cajinsa negetif ne, robar ita kaɗai ba ta iya taɓa shi. Wanda ya san labarin Tibiri a jihar Maraɗi, inda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara daga tsakiyar shekarun 1980, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tunda mun shigo gida, bari mu duba inda robar za ta yi aiki da inda ba za ta yi ba, don na ga ana yawan haɗa su.

Yuraniyom na Arlit, inda ake haƙa tun 1971. Mutum zai ɗauka robar fosforas ce ke tace shi. Yawanci ba ita ba ce. Idan aka jiƙa dutsen da asid ɗin batir, yuraniyom yana lulluɓe kansa da salfet ya koma mai cajin negetif, sai a kama shi da sinadaran naitirojin. Inda fosforas ke da ƙarfi shi ne wurare masu wuya, kamar cikin fosforik asid na masana'antar taki, don dutsen fosfet, irin wanda ake da shi a Maroko da Togo da yankin Sakkwato da Tawa, yakan zo da ɗan yuraniyom a jikinsa.

Majemun zamani na Kano, a Challawa da Sharaɗa, da kuromiyom suke jima. Wanda ake jima da shi cajinsa 3, mai tauri ne, fosfonik zai kama shi. Amma a ruwan da ya fito daga jima yana da yawa ƙwarai, kuma hanya mafi arha ita ce a sa farar ƙasa ko magnesiya ya kwanta a kwashe. Roba ta sharar ƙarshe ce, ta tsince ɗan abin da ya rage. Shi kuwa kuromiyom mai matakin 6, wanda ya fi guba, a ruwa cajinsa negetif ne, zai wuce ta gaban fosfonik ko kallo babu.

Sai Zamfara, 2010, ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda dalma ta kashe yara aƙalla 400. A can ba ruwa ne babbar hanyar ba, ƙurar dutsen zinare ce da ake niƙawa a cikin gidaje, yara na wasa a ƙasa suna kai hannu baki. Ba robar da za ta magance wannan, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka kawo sabuwa. Maganin da likitocin MSF suka ba yaran kuwa shi ma hannun ƙaguwa ne, amma na salfa guda biyu. Dalili? A jini kalsiyam ya ninka dalma nesa ba kusa ba. Ana son hannun da zai bi dalma ya ƙyale kalsiyam, kuma ya narke ya fita a fitsari tare da ita. Ka ga a nan narkewar da muka ce aibi ce ita ake nema.

Wannan maganar ta kalsiyam ita nake so ɗalibai masu furojet su ɗauka da muhimmanci. Za ka ga an gasa ƙaiƙayi da fosforik asid, an zuba a tataccen ruwan ɗakin gwaji da aka narka dalma ita kaɗai, an girgiza, an rubuta ya cire kashi 90 da wani abu. To ai ba shi da abokin takara. Ruwan rijiya na gaske yana iya ɗaukar kalsiyam gomman miligiram a lita, dalmar kuma maikrogiram, wato ninki dubbai. Ka zuba kalsiyam da baƙin ƙarfe a ciki mu gani. Ka faɗa mana tsamin ruwan, don idan ya yi ƙasa da tsami sosai dalma da kanta take kwantawa, sai ka ɗauka kayanka ne suka yi aiki. Ka cusa shi a bututu ruwa ya riƙa ɗiga, ka auna lita nawa ya wuce kafin dalma ta fara ɓullowa ta ƙasa, don wannan adadin ne mai gina tanki yake buƙata. Ka wanke da asid ka sake, sau 5, sau 10. Ka auna fosfet a ruwan da ya fito, ko hannayen suna zubewa. Furojet ɗin da ya yi waɗannan ya samu kashi 60, wallahi ya fi mini wanda ya samu 99 a tataccen ruwa.

Haka mai sayen matatar ruwa ta gida. Robar da ta cika ba ta canza kama yadda ido zai gani, ruwa zai ci gaba da fitowa garai-garai. Wani lokaci ma idan wanda ta fi so ya iso, sai ta saki wanda ta riƙe a baya, ruwan da ke fita ya fi mai shiga guba na ɗan lokaci. Don haka ka tambayi mai sayarwa wane ƙarfe aka gwada ta a kai, kuma bayan lita nawa ake canzawa.

Sai ruwan wankin. Duk dalmar da robar ta tsinta daga lita dubbai, yanzu tana cikin 'yan litoci na asid. A masana'antar da ta san aikinta, ana kwantar da ita a mayar da ita dunƙule, ko a sayar in ƙarfe ne mai daraja, ko a binne a wurin da aka tanada. Ta nukiliya kuwa sau da yawa ba a ma wanke ta, cikin siminti ake daskarar da ita gaba ɗaya. Idan babu wannan tsarin, ruwan wankin kwata zai bi, kwata kuma ta kai shi rafin da ake ban-ruwan latas da kabeji.

Nan za mu dakata. Masu karanta kimiyyar sinadarai da ke aiki a kan irin wannan, ku rubuto mana a ƙasa da wane kaya kuke gwaji da kuma wane ƙarfe. Sai mun haɗu a shiri na gaba.